Babi na Bakwai: Yadda Dainaso Masu Cin Ganye Suka Kare Kansu

Duk wanda ya bi hanyar Kafanchan zuwa Kachiya ya ga garken shanun Fulani. Idan shanu suka ji alamar haɗari, sukan matsa kusa da juna, manya su juyo da ƙahonninsu. Beguwa takan tayar da ƙayoyinta, kunkuru kuma ya janye kansa cikin ƙoƙon bayansa. Waɗannan dabaru tsofaffi ne ƙwarai. Dainaso, wato manyan dabbobi dangin ƙadangaru waɗanda suka ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce, sun yi amfani da irinsu. Ƙasusuwan da suka bari, waɗanda suka zama dutse, su ne suke ba mu labari.

An tono irin waɗannan ƙasusuwa da yawa a maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar, musamman a Gadufawa, cikin hamadar Tenere a jihar Agadas. Kimanin shekara miliyan 110 da suka wuce, wurin yana da koguna da itatuwa. Masu cin ganye suna kiwo a bakin ruwa, masu cin nama suna fakonsu. Har da wani ƙaton kada mai suna Sarcosuchus, wanda tsawonsa ya wuce mita 9.

Kariya ta farko ita ce girman jiki. A kusa da garin Ingal, masanin Amurka Paul Sereno da abokan aikinsa sun tono Jobaria, suka sa mata suna a 1999. Tsawonta ya kai kimanin mita 18, nauyinta kuma ya fi na giwa uku. Da wuya maharbi ya tunkari babbar dabba irin wannan. Ƙanana ne suke cikin haɗari.

A nan kariya ta biyu ta shigo, wato zaman garke. An sami ƙasusuwan manyan Jobaria da na ƙananansu a wuri ɗaya, abin da ya sa masana suke ganin tare suke tafiya. Idanu da yawa sun fi saurin hango maƙiyi. Hausawa sun ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Kariya ta uku ita ce makami. Lurdusaurus na Gadufawa dabba ce mai nauyi da gajerun ƙafafu, ba ta iya gudu sosai. Amma ƙafafunta na gaba suna da ƙarfi, kuma babban yatsanta tsini ne kamar mashi. Ouranosaurus, wanda masanin Faransa Philippe Taquet ya gano a 1965, tsininsa ƙarami ne. Shi jikinsa ya fi sauƙi, yana iya tashi a kan ƙafafun baya ya tsere. Ana iya ganin ƙwarangwal ɗinsa a gidan tarihi na Yamai.

A wasu ƙasashe ma an sami makamai iri-iri. Kentrosaurus na Tanzaniya yana da ƙayoyi a baya da wutsiya, kamar beguwa. A Amurka, Ankylosaurus yana sanye da sulken ƙashi, ga kuma dunƙulen ƙashi a ƙarshen wutsiya kamar kulki. Triceratops kuwa ƙahonni uku gare shi. An taɓa samun ƙahonsa ɗaya da Tyrannosaurus ya ciza ya karya, amma ƙashin ya warke. Warkewar ta nuna cewa dabbar ta tsira da ranta daga wannan karo.

Ma'anar Kalmomi
Garke: tarin dabbobi masu kiwo tare.
Fako: laɓewa don a kama wani.
Tsini: baki mai kaifi, kamar na allura.
Sulke: rigar ƙarfe ta mayaƙa.
Ƙwarangwal: ƙasusuwan jiki a haɗe.

Tambayoyi
1. A ina Gadufawa take, kuma yaya kamanninta yake a da?
2. Kawo hanyoyi uku da dainaso masu cin ganye suka kare kansu.
3. Me ya bambanta Lurdusaurus da Ouranosaurus?
4. Me warkewar ƙahon Triceratops ta nuna?
5. Rubuta jimla biyar a kan yadda wata dabba ta garinku take kare kanta.