Lewandowski: Sunan da Ya Samo Asali Daga Fure

Ɗalibai masu sha'awar ƙwallo, mun san Robert Lewandowski, ɗan ƙasar Poland da ya zura wa Wolfsburg ƙwallo 5 cikin minti 9 a 2015. Amma mu nawa ne muka iya kiran sunansa daidai?

Mu fara da lafazi. A yaren Poland, harafin "w" sautin "v" na Turanci yake bayarwa, amma idan "s" ya biyo bayansa sai ya koma "f". Ke nan sunan shi ne Le-van-DOF-ski, a ƙarfafa murya a gaɓa ta uku.

Ma'anarsa fa? Ɗafin "-ski" yana nufin "na wuri kaza", kamar yadda muke jingina mutum ga garinsu mu ce Aminu Kano. Masana harshe suna danganta sunan da wani wuri mai suna Lewandów, wanda shi kuma ya samo nasa daga "lewanda", tsohon sunan wani fure mai ƙamshi da ake turare da shi.

Mace kuwa "-ska" take ɗauka. Matar ɗan wasan Anna Lewandowska ce, ita ma Marie Curie da ta ci kyautar Nobel a 1903 da 1911, sunanta na gida Skłodowska.

Mun san yadda muke ji idan baƙo ya karya mana suna. Don haka kafin mu kira na wani, mu tambayi yadda masu shi suke faɗinsa.