Ƙarin bitamin da ma'adinai cikin abincin kajin nama a lokacin bazara

Taƙaitawa

Awon bitamin da ma'adinai da ake bi wajen haɗa abincin kajin nama an tsara shi ne domin kazar da ke zaune cikin yanayi madaidaici. A cikin wannan ƙasida za mu nuna dalilai uku da suka sa awon nan yake kasawa a bazarar kudancin Nijar. Daga nan za mu duba abubuwan da ake ƙarawa, da aikin kowanensu, da iyakarsa.

1. Gabatarwa

A watannin Afrilu da Mayu, zafin tsakar rana a Yamai da Tawa da Maraɗi da Damagaram yakan kai digiri 40, sau da dama ma ya wuce. Kazar nama da ta kai sati 4 zuwa 6 kuwa ta fi girma da kyau tsakanin digiri 18 da 24. Ke nan akwai tazarar digiri kusan 20 tsakanin abin da jikinta yake so da abin da ta tarar a ɗaki. Matsalar ta fi tsanani idan kasuwa ta zo daidai da zafi, kamar a 2022 da 2023, lokacin da azumi da ƙaramar salla suka faɗo tsakanin ƙarshen Maris da farkon Mayu. Kajin da zafi ya fi kashewa su ne manya, waɗanda aka riga aka kashe musu kuɗin abinci duka, saura kwanaki kaɗan a sayar.

2. Abin da zafi yake yi wa kaza

Zafin jikin kaza yana tsakanin digiri 41 da 42, kuma ba ta yin gumi. Idan ɗaki ya ɗumama, takan buɗe fukafukai, ta rage cin abinci, ta ƙara shan ruwa. Idan zafi ya doshi digiri 30 sai ta fara haki, domin tururin da ke fita daga maƙogwaro ya tafi da zafin. Hakin nan yana da tsada. Yana fitar da iskar karbon fiye da kima, sai tsamin jini ya ragu, abin da masana ke kira alkalos. Domin maido da daidaito, ƙoda takan zubar da bikarbonat, shi kuma ba ya fita sai da sodiyom da potasiyom. A cikin ƙwayoyin jiki kuma zafi yana yawaita wasu sinadarai masu cin ɓawon ƙwayar, kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe.

A 1996, Geraert da abokan aikinsa na cibiyar INRA ta Faransa sun gwada kaji a digiri 32 da wasu a digiri 22 waɗanda aka ba su abinci daidai gwargwadon na farkon. Kajin zafi sun fi ƙarancin girma, kuma sun fi tara kitse. Wannan ya nuna cewa ƙin cin abinci sashe ne kawai na hasarar. Sauran aikin zafi ne kai tsaye cikin jiki.

3. Giɓi uku

Giɓi na farko daga ci yake zuwa. Littafin awo na hukumar NRC ta Amurka, bugun 1994, ya ba da buƙatar kazar nama bisa kowane kilo na abinci: zinki miligaram 40, seleniyom miligaram 0,15, bitamin E awo 10 na ƙasa da ƙasa. To amma kaza ba kilo take ci ba. Mu ɗauka tana cin garam 160 a yini: za ta samu zinki miligaram 6,4. Idan zafi ya rage mata kwata na cin, sai ta samu 4,8, alhali buhun abincin bai canja ba.

Giɓi na biyu shi ne zubewar da muka ambata: ta hanyar ƙoda da kashin kaza, ma'adinai suna fita fiye da yadda suke fita cikin sanyi, a daidai lokacin da jiki ya fi buƙatar su.

Giɓi na uku yana cikin ma'ajiya. Haɗin bitamin da ma'adinai da ake kira piremis daga waje ake shigo da shi, kuma yakan daɗe a hanya da cikin kanti mai rufin kwano. Zafi da danshi da haske suna lalata bitamin A, K3, B1 da C, kuma lalacewar ta fi sauri idan an gauraya su da kolin da ma'adinai cikin buhu guda. Saboda haka abin da aka rubuta a jikin buhu ba lalle ne ya zama abin da ya kai bakin kaza ba.

4. Sodiyom, potasiyom da kulor

A 1981 Mongin, shi ma na INRA, ya ba da wani lissafi mai sauƙi: a tara sodiyom da potasiyom, a ɗebe kulor, sakamakon ya kasance wajen mEq 250 a kowane kilo na abinci. A 1985 Teeter da abokan aikinsa a Oklahoma sun nuna cewa gyara wannan daidaito yana inganta girman kajin da ke fama da zafi. Tun daga nan aka saba sa bikarbonat na sodiyom garam 2 zuwa 5 a kilo na abinci, ko kulorir na potasiyom garam 2 zuwa 5 a litar ruwa. Babban amfaninsu biyu ne: suna maye abin da ya zube, kuma suna sa kaza ta ƙara shan ruwa, wanda shi ne ainihin abin da ke sanyaya ta.

Sai dai a yi lissafi. Garam 5 na bikarbonat suna ɗauke da sodiyom wajen garam 1,35, alhali buƙatar kaza mai sati 3 zuwa 6 garam 1,5 ce a kilo. Wanda ya zuba shi a kan gishirin da ke cikin abinci ya kusan ninka sodiyom ke nan. Sakamakon shi ne kashi mai ruwa-ruwa, shimfiɗar ɗaki ta jiƙe, warin amoniyak ya tashi, ciwon hanji na koksidiyos ya samu ƙofa. Ya kamata a rage gishiri gwargwado, kuma a auna gishirin da ke cikin ruwan rijiya ko na pampo kafin a yanke awo.

5. Bitamin C, bitamin E, seleniyom da zinki

Kaza tana haɗa bitamin C da kanta a cikin ƙoda, shi ya sa littattafan awo ba su sa shi cikin buƙatu ba. A lokacin zafi abin da take haɗawa ba ya isa, kuma gwaje-gwaje da yawa sun samu amfani da miligaram 200 zuwa 250 a kilo: yana rage kortikosteron, sinadarin da jiki ke fitarwa cikin wahala. Amma ba ya jimiri. Ruwan ɗumi da kulor na ruwan pampo da mazubin ƙarfe duk suna kashe shi cikin awoyi, haka ma ruwan da aka sa wa bikarbonat. Don haka a dama shi sabo da safe, kuma kada a haɗa su biyun cikin mazubi ɗaya.

Bitamin E yana tsare ɓawon ƙwayoyin jiki. A gwajin zafi ana kai shi miligaram 100 zuwa 250 a kilo. Tun da jiki yana ajiye shi, a fara ba da shi kafin zafi ya tsananta. Seleniyom abokin aikinsa ne: a 1973 aka gano cewa yana cikin ginin anzim ɗin gulutatiyon feroksidas. Tazarar da ke tsakanin amfaninsa da gubarsa ƙarama ce, shi ya sa Tarayyar Turai ta tsaida iyakarsa a miligaram 0,5 a kilo. Wannan ba abin aunawa da cokali ba ne. Zinki kuma yana cikin wani anzim na kariya, yana kuma taimakon garkuwar jiki.

6. Kanwa da kuka

Masu kiwo sukan tambaye mu ko kanwa za ta iya maye gurbin bikarbonat. Gaskiya ne kanwar Dallol Boso da ta Manga suna da karbonat da bikarbonat na sodiyom, amma tare da sulfat da gishiri da yashi, kuma yawansu yana bambanta daga wuri zuwa wuri. Karbonat ya fi bikarbonat kaifi, sulfat kuma yana sa zawo. Sai an auna ta a ɗakin bincike za a iya faɗin awo. Garin ƴaƴan kuka kuwa yana da bitamin C sosai. To amma ko mun ɗauka garam 100 nasa suna da miligaram 300, sai an zuba wajen garam 70 a kilo kafin a kai 200, kuma hakan zai rage wa masara da tunkuza wuri cikin abincin kazar da dama ba ta ci da yawa.

7. Kammalawa

Ƙarin bitamin da ma'adinai yana cike giɓi, ba ya rage ko digiri ɗaya daga zafin ɗaki. Saboda haka muna ba da shawarar wannan jeri: ruwa mai sanyi a inuwa, ko da na randa ne; zana ko ciyawa bisa rufin kwano, da buɗe wa iska hanya; rage yawan kaji a kowane metir murabba'i; ɗauke abinci awoyi kafin tsakar rana a maido da maraice, domin narkar da abinci kansa yana haifar da zafi. Bayan waɗannan sai ƙari ya biyo, a lissafa shi bisa abin da kaza ta ci da gaske. Ga ɗalibanmu masu neman batun bincike, ayyuka uku suna jira: auna sinadaran kanwa gwargwadon mahaƙarta, auna bitamin da ya rage cikin piremis bayan ya yi bazara guda a kanti, da lissafin ribar kowane ƙari da kuɗin sefa bisa kilon nama.