Darasin lissafi a ƙaramar sakandare: abin da ya kamata iyaye su sani

Yara da yawa suna gama firamare suna son lissafi, amma kafin su kai aji biyu na ƙaramar sakandare sai ka ji suna cewa ya fi ƙarfinsu. Iyaye kuma sau da yawa ba su san abin da ake koyarwa ba, balle su taimaka. Wannan bayani domin iyaye ne da masu riƙon yara, har da waɗanda ba su yi makaranta ba.

Ina wannan mataki yake?

A shekarar 1999 gwamnatin Najeriya ta ƙaddamar da shirin ilimin bai ɗaya na UBE, aka kafa masa doka a 2004. Shirin ya haɗa shekaru shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare. Hukumar NERDC ce ke tsara manhaja, kuma lissafi dole ne ga kowane yaro. A ƙarshen aji uku akwai jarrabawar BECE, wadda NECO ko ma'aikatar ilimi ta jiha ke shiryawa. Yaron da ke son aikin jinya, injiniya ko likita ba zai sami gurbin karatu ba sai da sakamako mai kyau a lissafi, kuma a waɗannan shekaru uku ake aza tushen.

Me ake koyarwa?

Aji ɗaya: manyan lambobi har zuwa miliyan da biliyan, kason lamba kamar rabi da kwata, ƙiyasi, kusurwoyi da siffofi. A nan ne yaro zai fara haɗuwa da aljabara, wato sa harafi a madadin lambar da ba a sani ba. Kada harafin ya tsorata kowa. Uwa ta sayi mudu uku na gero, ta biya ₦200 kuɗin mota, duka ta kashe ₦3,800. Nawa ne mudu? A aji za a rubuta 3x + 200 = 3,800. A cire 200, saura 3,600, a raba uku, mudu ₦1,200 ke nan. Uwar ta saba yin wannan da ka, yaron yana koyon rubuta shi ne.

Aji biyu: kashi cikin ɗari, riba da faɗuwa, ragi, lambobin da ke ƙasa da sifiri, da zanen giraf. Ɗan kasuwa ya sayi buhun wake ₦40,000, ya biya ₦2,000 na dako da mota, ya sayar ₦46,200. Wani zai ce ya ci ribar ₦6,200. Gaskiyar ribar ₦4,200 ce, wato kashi 10 cikin ɗari na ₦42,000 da ya kashe. A wannan aji kuma ake koyon dokar Faitagoras. Magina suna aiki da ita kullum: idan gefe ɗaya mita 3 ne, ɗayan mita 4, igiyar da ta ratsa tsakaninsu kuma ta ba da mita 5, to kusurwar ginin ta daidaita, domin 9 da 16 sun ba da 25.

Aji uku: ruwan bashi mai hawa kan ruwa, warware lissafin da ke da haruffa biyu, awon faɗin fili, da fitar da matsakaici daga tarin lambobi. A ce an ci bashin ₦50,000 da ruwan kashi 5 cikin ɗari kowane wata, har wata shida. Idan a kan uwar kuɗin kaɗai ake lissafa ruwan, zai zama ₦15,000. Idan ruwan kowane wata yana hawa kan na baya, zai haura ₦17,000. Gidan da ke da yaron da ya gane wannan ba zai sa hannu a takardar bashi da ido rufe ba. Haka kuma zai iya gaya wa babansa cewa gona mai tsawon mita 100 da faɗin mita 50 rabin hekta ce, kafin a je sayen taki.

Abin da malami yake bukata daga ɗalibi

• Zuwa aji kullum. Lissafi kamar gini ne, kowane layin bulo yana kan na ƙasa. Zangon farko yakan faɗa lokacin kaka, na uku kuma lokacin shuka. Yaron da aka tsayar a gona mako biyu zai dawo ya tarar an wuce shi.
• Kayan aiki: littafin rubutu na lissafi kaɗai, biro, fensir, rula, akwatin kayan lissafi mai kamfas, da littafin giraf idan an nema.
• Nuna matakai. Ana ba da maki a kan hanyar da aka bi, ko da amsar ƙarshe ta kuskure. Amsa ita kaɗai ba ta kawo cikakken maki.
• Yin aikin gida da kansa, da yin gyara bayan malami ya duba. Wanda ya kwafa daga aboki zai gane asararsa ranar jarrabawa.
• Haddace jadawalin sau har zuwa 12. Malamai da yawa ba sa yarda da kalkuleta a wannan mataki.
• Yin tambaya. Da Turanci ake koyarwa, kuma wani lokaci kalma ɗaya ce ta tsare yaro, ba lissafin ba.

Yadda ake ba da maki

A yawancin makarantu, maki 30 ko 40 cikin 100 suna fitowa daga gwaje-gwaje da ayyukan cikin zango, sauran daga jarrabawar ƙarshen zango. Yaron da ya rasa gwaji saboda an aike shi kasuwa ya yi asarar makin tun kafin jarrabawa. Idan rashin lafiya ce ta hana shi, ku sanar da malami da wuri.

Abin da iyaye za su iya yi

• Ku ba yaro rabin awa kowace yamma, da fitila da wurin zama. 'Yan mata ma a rage musu talla da aikin gida a wannan lokaci.
• Ku buɗe littafinsa sau ɗaya a mako. Ko ba ku iya karatu ba, za ku ga ko akwai jan biron malami da sabon aiki.
• Ku sa shi ya bayyana muku da Hausa abin da ya koya. In ya iya, ya gane ke nan.
• Kada ku ce a gabansa, "Mu gidanmu ba ma iya lissafi." Yaro yakan riƙe irin wannan magana.
• Kada ku yi duka saboda kuskure. Tsoro yana sa yaro ya ɓoye littafinsa.

Tambayoyi don tattaunawa a ƙungiya

1. A wane lokaci na shekara yaranmu suka fi fashin makaranta, kuma me za mu yi a kai?
2. Akwai matasa a unguwarmu da suka gama sakandare, waɗanda za su iya zama da ƙannensu sau biyu a mako?
3. Idan makarantarmu ba ta da malamin lissafi, wa za mu tura ya kai maganar taron iyaye da malamai?