Labari ɗaya, riguna da yawa: Sarauniyar Lugu da wasannin na'ura

A Dogon Dutsi da Tibiri, kamar sauran garuruwan ƙasa, yara da samari sun saba da wasannin da ake yi cikin salula da kwamfuta. Masu ƙera waɗannan wasanni suna da wata dabara: idan jama'a ta karɓi wani gwarzo, sai su sake masa riga, su kai shi wani fage.

Misali shi ne Mario, na kamfanin Nintendo da ke ƙasar Japan. A 1985 aikinsa gudu da tsalle ne. A 1992 aka ɗora shi bisa mota, ya shiga tsere cikin wasan Super Mario Kart. A 2023 kuma ya fito cikin sinima ta zane. Haka Warcraft na Amurka: ya soma a 1994 a matsayin wasan shirya runduna, a 2014 aka fitar da wasan karta daga cikinsa mai suna Hearthstone.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga ƙasar Arewa, domin labarin Sarauniyar Lugu ya riga ya bi irin wannan hanya.

Daga bakin tsofaffi zuwa takarda

Lugu ƙauyen Gubawa ne cikin gundumar Dogon Dutsi. A can, Sarauniya muƙami ne da mace take riƙewa, ita ce mai kula da addinin gargajiya na Azna. Cikin watan Afrilu na 1899, rundunar sojin Faransa ta Voulet da Chanoine, wadda ta taho tana ƙona garuruwa bisa hanyarta ta zuwa tafkin Cadi, ta auka wa Lugu. Mutanen garin suka tare ta da kwari da baka, sannan suka janye cikin kurmi. Aka ƙona garin, runduna ta wuce gabas. Cikin watan Yuli, sojojin da suke jagoranta suka kashe hafsoshin biyu a ƙasar Tasawa. Jama'a da dama suka ce asirin Sarauniya ne ya bi su.

Shekara da shekaru labarin yana bakin tsofaffi. A 1980 marubuci Abdoulaye Mamani ya mai da shi littafin hikaya da Faransanci. A 1986 Med Hondo, ɗan ƙasar Muritaniya, ya mai da littafin sinima, wadda aka ɗauka a Burkina Faso, Aï Keïta ta fito a matsayin Sarauniya. A 1987 sinimar ta ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu.

Sai dai kowace riga tana ƙara wani abu, tana rufe wani. Littafi da sinima sun kai sunan Lugu ƙasashe masu nisa, amma sun nuna Sarauniya jaruma ce mai ɗamarar yaƙi. Masu binciken da suka saurari dattawan Lugu kuwa sun tarar da wata siffa dabam: uwar ƙasa wadda ƙarfinta yake cikin tsafi da shawara da riƙon jama'a.

Wace riga ta dace da ita?

Idan wata rana matasan Nijar suka ɗaura niyyar shigar da labarin cikin wasan na'ura, tilas su fara da zaɓen irin wasan, domin shi ne zai yanke abin da yaro zai koya.

In wasan faɗa ne, yaro zai tashi da zaton kibiya ta rinjayi bindiga a fili, alhali ba haka aka yi ba. In wasan dabara ne, za a damƙa masa gari da rumbuna da rijiyoyi, shi ne zai san lokacin tsayawa da lokacin kwashe mata da yara zuwa kurmi. Wannan ya fi kusa da gaskiya, domin janyewa ce ta tsirar da jama'a. In kuwa wasan tafiya da tambaya ne, zai ratsa Dallol Mauri, ya bi ta Bagaji da Matankari, ya ji labarin Tunguma, dutsen da ake kai wa ƙara, ya gwada maganar wannan da ta wancan.

Akwai sharuɗɗa biyu da ya kamata hukumomin al'adu su sa wa ido. Na farko, rubutun wasan ya kasance da Hausa, yadda uban da ya yi yaƙi da jahilci zai karanta tare da ɗansa. Na biyu, a nemi shawarar mutanen Lugu tun kafin a zana hoton farko, domin a wurinsu Sarauniya ba tatsuniya ba ce, gado ne. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.