Ƙugiyar da ke Riƙe da Fanka



Duk wanda ya taɓa kwana a Sakkwato, Maiduguri ko Damagaram a watan Afrilu ya san daren bazara. Zafin rana ya haura digiri 40, kwanon rufi ya sha wuta yini guda, in dare ya yi sai ya riƙa amayo ta cikin ɗaki. Yara na juyi, jariri na kuka saboda ƙurajen zafi. A irin wannan dare ne maigida ke ƙudurta cewa gobe sai ya sayo fanka. Dalilinsa kuwa mai ƙarfi ne: fankar sama mai faɗin inci 56 tana cin wuta kimanin wat 70, abin da ƙaramin janareta ko batirin sola zai ɗauka, alhali na'urar sanyaya ɗaki takan ci ninkin haka sau goma ko fiye.

To, fanka ta iso gida a kwali. Kafin a kwance ta, don Allah a ɗaga kai a dubi inda za a rataye ta, domin nan ne na fi jin tsoro. Ƙarfe ne mai nauyin kilo 5 ko fiye, zai riƙa juyawa wajen sau 300 a minti ɗaya, dare da rana, a saman kan 'ya'yanmu suna barci. Abin da ke riƙe da shi duka ƙugiya ce guda ɗaya. A gidan dekin, ƙugiyar ƙwarai ita ce rodin da aka lanƙwasa aka ɗaure da rodin ginin tun kafin a zuba kankare. In ba a sa ba, sai a huda dekin a kafa noti mai buɗewa a ciki, wanda aka yi don ɗaukar nauyi. A gidan kwano kuwa, katakon rufi mai kauri ake nema, a tsikare shi da ƙusa a tabbatar gara ba ta cinye cikinsa ba. Allon silin da adon filasta ba a yi su don ɗaukar kaya ba. Na taɓa shiga wani ɗaki na tarar da fanka a ɗaure da wayar shanya a jikin siririn katakon silin, ga shimfiɗar yara uku a ƙarƙashinta. Ban iya zama ba sai da aka kashe ta.

Akwai kuma wani ɗan siririn fil da ke zuwa cikin leda tare da notuna. Bayan an zura noti ta sandar fanka an ɗaure, shi ake sokawa a ramin bakin notin a buɗe ƙafafunsa biyu. Girgizar yau da gobe tana kwance noti a hankali, wannan fil ne ke hana shi zamewa. Sau da yawa yakan faɗi ƙasa a share shi da shara. Maigida, ka tsaya a wurin ka ga an sa shi da idonka. In fankar ta zo da wayar ƙarfe ta kariya, a ɗaure ta daban a jikin ƙugiya.

Sai batun wuta. Kada a ce ai an ɗauke, bari a hau tsani. Wutarmu bolt 230 ce, kuma ba ta sallama in za ta dawo. A kashe babban makunnin gida, a raba layin janareta ko na sola, sannan a gwada waya da testa. Waya mai rai, ja a tsohon wayarin, ruwan ƙasa a sabo, ita ce za ta bi ta makunni da regileta. In aka juya wayoyin, fanka za ta tsaya in an kashe makunni amma wuta na nan a jikin wayarta, ranar da wani ya hau gyara sai ta same shi. Wanda bai san wannan aiki ba ya kira mai gyaran wuta.

Fukafukai su yi nisan aƙalla ƙafa 7 daga ƙasa, a kuma yi la'akari da gado mai hawa biyu da uban da ke ɗaga yaro sama yana masa wasa. Kada a haɗa fiffiken wata fanka da na wata, don an auna nauyinsu tare tun daga masana'anta. Fankar da ke rawa tana neman a duba ta: ko noti ya saki, ko fiffike ya lanƙwashe, ko ƙurar hunturu ta taru a gefe guda. Wadda kuma take gurnani sai an tura ta da sanda, yawanci kondensa ce ta mutu, ɗan ƙaramin abu mai araha da ake canzawa cikin 'yan mintuna.

Ranar farko a kunna ta a lamba mafi ƙarfi, kowa ya koma bakin ƙofa, a saurara na kwatan awa. In ba ƙara, ba rawa, sai a shigo da tabarmar yara.