Daga Dandali Zuwa Tafin Hannu: Wayar Salula da Sauyin Mazaunin Nishaɗi a Jahun

Gabatarwa

Jahun ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomin masarautar Dutse, a jihar Jigawa da aka ƙirƙiro daga tsohuwar jihar Kano ranar 27 ga Agusta, 1991. Akasarin mutanenta manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa, amma wayar salula ta ratsa rayuwarsu kamar yadda ta ratsa ta mutanen birni. Wannan maƙala tana bayani ne a kan sauyi guda da wayar ta haifar: nishaɗi ya tashi daga fili, inda idon jama'a ke tsaronsa, ya koma tafin hannun mutum ɗaya. Sauyin ya shafi yadda ake aiwatar da umarni da kyakkyawa da hani ga mummuna.

Nishaɗi a Bainar Jama'a

A da, kowane nishaɗi yana da wurinsa da lokacinsa. Wasan 'yan mata a dandali yake, tatsuniya da dare a ɗakin tsohuwa, kokawa da dambe bayan kaka, tashe kuwa a watan azumi. Wanda ya halarta an gan shi, wanda ya wuce gona da iri akwai babba a kusa da zai tsawata masa. Rediyo bai rushe wannan tsari ba, domin a majalisa ake kewaye shi, ko don labarai ko don tafsirin da Rediyon Kaduna ke watsawa.

Fim ɗin Hausa na bidiyo ya kankama a Kano a 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya. Kaset ɗin da ke isa garuruwan Jigawa daga kasuwannin Kano yake fitowa, kuma abu ne da ake gani, a taɓa, a ƙwace idan ta kama. Saboda haka Hukumar Tace Fina-finai da jihar Kano ta kafa a 2001 ta samu ƙofar da za ta tsaya a bakinta, kuma tasirin aikinta ya kai har maƙwabta.

Zuwan Wayar Salula

A shekarar 2001 ɗin ce kamfanonin wayar salula suka fara aiki a Nijeriya. Alamar farko ta abin da ke tafe ta bayyana a 2007, sa'ad da wani bidiyo na sirri da aka ɗauka da waya ya bazu daga hannu zuwa hannu, har hukuma ta dakatar da shirya fina-finai a Kano na wani lokaci. An iya dakatar da masana'anta, amma bidiyon ya ci gaba da yawo.

Daga baya sana'ar tura fina-finai ta kafu. A garuruwa irin Jahun da Kiyawa da Birnin Kudu, inda wutar lantarki ba ta wadata ba kuma kuɗin data ke da nauyi, matashi kan kai wayarsa shagon caji, a cika masa katin memori da fina-finan Hausa da na Indiya masu fassara a kan kuɗi kaɗan. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, sannan fina-finai masu dogon zango irin Izzar So suka mamaye YouTube daga 2020. Da zuwan TikTok, mai kallo ya zama mai shiryawa. A Nuwamba 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu hukuncin bulala ashirin-ashirin saboda bidiyon da suka wallafa a can a kan gwamnan jihar na lokacin.

Mahangar Fiƙihu

Da farko, hukuncin kayan aiki yana bin manufar da aka yi amfani da shi dominta. Shagon da ke tura fim shi ne ke tura tafsirin Sheikh Ja'afar Mahmud Adam da na Sheikh Ɗahiru Usman Bauchi. Matar aure da ke cikin gida tana samun karatu ta WhatsApp, buƙatar da Nana Asma'u ta kafa tsarin 'Yan Taru domin biyanta a ƙarni na 19. Haramta wayar ɗungurungum zai toshe wannan alheri.

Na biyu, mazhabar Malikiyya ta shahara da ƙa'idar saddu zari'a, wato toshe hanyar da ke kai wa ga ɓarna. Ƙa'idar tana nan daram, sai dai hanyar ta rarrabu zuwa aljihun kowa. Hukumar tacewa da Hisba suna iya sa ido a kan gidan kallo da taron biki, amma ba su da iko a kan abin da ake kallo a ɗaka da tsakar dare.

Na uku, turawa aiki ne da bawa ke ɗaukar nauyinsa. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta wajabta bincike kafin gaskata labari, aya ta 19 a Suratun Nur kuma ta yi narko ga masu son alfasha ta yaɗu a cikin muminai. Wanda ya tura bidiyon tonon asiri ko ƙazafi ya shiga cikin laifin, ko da ba shi ya ɗauka ba.

Na huɗu, aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana bin diddigin sirrin mutane. Uba yana da hurumin duba wayar ɗansa ƙarami, domin amana ce a wuyansa. Miji da mata kuwa, binciken wayar juna a kan zato kawai ya fi kusa da abin da ayar ta hana, kuma yakan zama mafarin rabuwar aure.

Kammalawa

Tunda tsaron waje ya yi rauni, nauyin ya koma kan muraƙaba, wato bawa ya ji a ransa cewa Allah Yana ganinsa. Wannan aiki ne na tarbiyya, kuma mazauninsa gida da makarantar allo da Islamiyya. Ya dace malamai a masarautar Dutse su shigar da ladubban waya cikin darasin ahlaƙ, a koya wa ɗalibi abin da ya halatta ya kalla, da abin da ya halatta ya tura, da lokacin da ya kamata ya ajiye wayar ya fuskanci salla da iyali. Allah ne Mafi sani.