Dinarin Rumawa: Yadda Ake Gane Na Gaske Da Jabu

Duk Bahaushen da ya ce "zinariya" ya ambaci kuɗin Rumawa bai sani ba. Kalmar ta shigo Hausa ne daga dinar na Larabawa, su kuwa sun aro ta daga denarius na Rumawa. Abin mamaki, shi wannan kuɗi na azurfa ne, girmansa kamar na tsohon sisi. An fara buga shi wajen shekara ta 211 kafin haihuwar Annabi Isa, Rumawa na tsakiyar yaƙi da Hanibal na Kartaj.

Masu sha'awar tara shi sukan fara duba kan da ke jiki da rubutun da ya kewaye shi. Haruffan TR P na nufin wani iko da akan sabunta wa sarki kowace shekara, saboda haka lambar da ta biyo bayansu takan nuna shekarar da aka buga kuɗin.

Daga nan sai ma'auni, kuma a nan ne asirin daular yake tonuwa. A zamanin Sarki Agustus dinari yakan kai wajen giram 3.9, kusan tsantsar azurfa. A shekara ta 64 Miladiyya Sarki Nero ya rage masa nauyi, ya ƙara masa tagulla. Kafin ƙarshen mulkin Sabtimiyas Sebaras, haifaffen Libiya, azurfar ta koma kamar rabi. Sarakunan sun kasa biyan sojoji, sai suka shiga cutar talakawansu a ɓoye. Don haka wanda aka kawo masa dinarin Agustus mara nauyi, sai ya yi hattara.

Jabu kuwa iri biyu ne. Akwai na dauri, wanda 'yan damfarar Rum suka yi da tagulla suka lulluɓe da azurfa. Shi ma yana da masu saye, don tarihi ne. Mugun shi ne na zamani, wanda akan narka ƙarfe a zuba a zubi. Rumawa da guduma suke bugawa, shi ya sa na zubi yakan fallasa kansa da ɗan layi a gefe da ƙananan ramuka a fuska.

Sabon shiga yakan yi ɓarnar da ta fi ta ɗan damfara: ya ga kuɗin ya yi duhu, ya sa toka ya goge. Wannan duhun shi ne shaidar tsufansa, da zarar ya tafi, daraja ta faɗi.